Sabon Mai Moto: Yadda Za Ka Goge Da Tuƙi Kafin Ka Yi Doguwar Tafiya

Moto, wanda waɗansu ke kira babur, ya zama abin hawan jama'a a ƙasarmu ta Nijar. Da shi manomi ke kai hatsi kasuwa, da shi malamin makaranta ke zuwa ƙauyen da yake koyarwa, da shi kuma ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsa. Koyon tada moto da tafiya da shi abu ne na yini ɗaya ko biyu. Amma sanin hanya yana ɗaukar watanni. Wannan bayani domin kai ne, ɗan'uwa, ko ke ƴar'uwa, da kuka sayi moto kwanan nan, kuke kuma da niyyar zuwa wani gari mai nisa da shi.

Me ya sa ake buƙatar shiri?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai moto kuwa, jikinsa ne yake fara taɓa ƙasa. Idan maigida ya karye a ƙafa lokacin damina, gona ta tsaya, kuɗin magani kuma ya cinye abin da ke cikin rumbu. Saboda haka lafiyarka bisa hanya, lafiyar gidanka ce gaba ɗaya.

Mataki na farko: koyo a fili

Ka nemi fili mai faɗi inda babu motoci, babu yara. Ka tafi tare da wanda ya daɗe yana tuƙi, kuma aka san shi da natsuwa. A nan za ka koyi abubuwa huɗu.

1. Tashi da tsayawa ba tare da inji ya mutu ba.
2. Canza giya ba tare da ka dubi ƙafarka ba.
3. Tafiya sannu ƙwarai, da juyawa dama da hagu. Ka jera gwangwanaye ko duwatsu, ka riƙa ratsawa tsakaninsu.
4. Taka birki cikin gaggawa.

Abu na huɗu shi ya fi muhimmanci. Moto yana da birki biyu, na hannu wanda ke riƙe tayar gaba, da na ƙafa wanda ke riƙe tayar baya. Sababbin matuƙa da yawa suna tsoron na gaba, sai su dogara ga na baya kaɗai. Alhali bisa kwalta, birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayar da moto. Ka koyi kama su biyun tare. Ka matsa na hannu a hankali, sannan ka ƙara ƙarfi. Kada ka damƙe shi farat ɗaya. Ka maimaita wannan sau da yawa, har hannunka da ƙafarka su saba.

Ka kuma koya wa idonka aiki. Moto yana bin inda ka sa ido. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa. Ka dubi wurin da kake son bi.

Mataki na biyu: cikin gari

Ka fara da ƙananan tituna, da sassafe, kafin hanya ta cika. A Nijar hannun dama ake bi. Ka sa sigina kafin ka juya, ka dubi madubi, ka kuma waiwaya, domin akwai wurin da madubi ba ya nunawa. A mahaɗar hanya ka rage gudu ko da kai ke da iko, domin mai mota sau da yawa ba ya ganin moto. Kada ka shiga tsakanin babbar mota da gefen hanya lokacin da take shirin juyawa.

Kada ka ɗauki mutum ko kaya a makonnin farko. Nauyi yana canza yadda moto ke juyawa, yana kuma ƙara nisan da yake ci kafin ya tsaya.

Idan motonka sabo ne fil, shi ma yana buƙatar sabo. A kilomita 1,000 na farko kada ka matsa wa inji, kada ka ɗora masa kaya mai nauyi. Ka yi juyen baƙin mai na farko da wuri, kamar yadda littafin moton ya nuna.

Mataki na uku: gajeruwar tafiya bayan gari

Idan ka saba da gari, sai ka fara fita kusa. Mutumin Maraɗi yana iya zuwa Tibiri ya dawo. Mutumin Damagaram yana iya zuwa Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Daga nan ka ƙara zuwa kilomita 50, sannan 100. A kowace tafiya ka lura da abu biyu: yawan man da motonka ya sha, da lokacin da jikinka ya fara gajiya. Waɗannan biyu su ne ma'aunin da za ka tsara doguwar tafiya da shi.

A wannan mataki ne za ka san irin hanyoyinmu.

Rairayi. Ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka sa ƙaramar giya, ka riƙe wuta daidai ba yankewa. Kan moto zai yi rawa. Ka sassauta hannu, kada ka yi kokawa da shi. A cikin rairayi ka guji damƙe birkin gaba, domin yana kada mutum nan take.

Hanyar jar ƙasa. Tsakuwa tana sa taya zamewa, musamman a kwana. Ƙurar motar da ke gabanka tana rufe ido. Ka ba ta rata har ƙurar ta kwanta.

Kwalta. Ita ce ke ruɗin mutum ya yi gudu. Ka kula da ramuka, da karyayyen bakin hanya, da tudun rage gudu a mashigar garuruwa, da amalanke, da dabbobi. Inda ka ga akuya ɗaya ta tsallaka, ka sa ran ƴaƴanta na biye. Idan babbar mota ta taho, iskarta tana iya tura ka. Ka rage gudu, ka matsa dama, ka riƙe da kyau.

Lissafin gudu

Wanda ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga haɗari, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Bayan haka, idan ka ninka gudunka sau 2, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau 4. Don haka ka bar rata tsakaninka da motar gabanka. Ga yadda ake aunawa: idan ta wuce wata bishiya, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse. Idan ka iso bishiyar kafin ka gama, ka matso da yawa.

Suturar tafiya

Hular kwano ita ce gaba da kome. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Ka zaɓi wadda ta zauna daidai a kanka, mai gilashin da zai tare ƙura da ƙwari, kuma ka ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba tana fita kafin kai ya kai ƙasa. Rawani yana tare rana da ƙura, amma ba ya tare kwalta. Wanda ka goya shi ma yana buƙatar tasa.

Ka sa takalmi rufaffe maimakon silifa, da dogon wando, da riga mai dogon hannu, da safar hannu. Tufa mai haske ta fi, don a hange ka daga nesa. Babbar riga, da zane, da dogon hijabi suna iya shiga cikin sarƙa ko tayar baya su fizgo mutum. A tattare su da kyau kafin a tashi.

Takardu

Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, da takardar izinin tuƙi wadda ake kira permi, da takardar mallakar moto, da takardar inshora wadda lokacinta bai ƙare ba. Ka sa su cikin leda saboda ruwa da zufa. Akwai shingayen jandarmomi da na ƴan sanda a hanya. Idan aka tsayar da kai, ka tsaya, ka yi sallama, ka nuna takardunka.

Ka kuma binciki halin tsaro na yankin da za ka. A shekarar 2015 hukuma ta hana hawa moto a jahar Difa, a shekarar 2020 kuma aka yi haka a sassan jahar Tilaberi, duk saboda rashin tsaro. Irin wannan doka tana canzawa daga lokaci zuwa lokaci. Ka tambayi jandarmomi ko direbobin tasha kafin ka tashi. Matambayi ba ya ɓata.

Duba moto kafin tafiya

Kwana biyu ko uku kafin tafiya ka kai moto wurin makanike, don a sami lokacin gwada gyaran. A duba waɗannan:

1. Taya: kada ta zama ta suɗe ko ta tsage. A auna iska tun taya tana da sanyi.
2. Birki na gaba da na baya, da wayoyinsu.
3. Sarƙa: a sa mata mai. Idan ka taɓa ta a tsakiya, motsinta sama da ƙasa ya zama kamar santimita 2 zuwa 3.
4. Baƙin mai: idan lokacin juye ya kusa, a yi shi kafin tafiya.
5. Matatar iska: ƙurar ƙasarmu tana toshe ta da sauri.
6. Fitila, da sigina, da wutar birki, da oda, da madubai biyu.
7. Kusoshi: a ɗaure duk wanda ya saki.

Guzurin hanya shi ne ruwan sha mai yawa, da famfon iska, da kayan faci, da robar cikin taya sabuwa, da buji wanda waɗansu ke kira fulogi, da ƴan sifanu, da tocila, da wayar salula mai caji. Ka koyi yin faci da canza buji tun kana gida. Kaya kuwa, a ɗaure su tamau, mai nauyi a ƙasa, kuma kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Tsara tafiya: misalin Maraɗi zuwa Damagaram

Tsakanin Maraɗi da Damagaram kimanin kilomita 240 ne bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Za ka bi ta Cadawa, da Agye, da Gazawa, da Tasawa, da Takeita. Tasawa ce kusan tsakiyar hanya. Idan kana cin kilomita 50 a awa, tuƙin zai ɗauki kusan awa 5. Da hutu, sai ka lissafa awa 6. Ƙaramin moto yakan sha lita 2 zuwa 3 a kilomita 100, wato kamar lita 7 ke nan. Idan tankinka ƙarami ne, ka san garin da za ka ƙara mai, kuma kada ka jira sai ya ƙare. Idan dole ta sa ka sayi man kwalba a bakin hanya, a tace shi kafin a zuba.

Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa kimanin kilomita 660 ne. Wannan ya fi ƙarfin yini ɗaya ga sabon matuƙi. Ka raba shi uku: ka kwana a Birnin Ƙwanni, ka kwana a Dosso, rana ta uku ka shiga Yamai.

Ka tashi da safe da zarar gari ya waye. Ka tsaya bayan kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ka sauka, ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, inji ma ya huta. Ka isa masauki kafin magariba. Da dare amalanke ba shi da fitila, dabba ba ta da fitila, hasken manyan motoci kuma yana kashe ido. Ka gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa. Idan ka sami abokin tafiya mai nasa moto, ya fi.

Kowane lokaci da halinsa

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Iskar tafiya tana busar da zufa, sai jiki ya rasa ruwa mutum bai sani ba. Ciwon kai da jiri alama ce ta ka nemi inuwa. Da damina, ruwan farko yana sa kwalta santsi. Kada ka shiga korama mai gudu, ko da ka ga wani ya ƙetare. Ka jira ruwa ya janye. Da hunturu, hazo yana rage gani. Ka kunna fitila ko da rana, ka sa rigar sanyi.

Barci da ƙwaya

Idan ka fara hamma, ko ka ga ka wuce wani gari ba ka lura ba, barci ya zo. Maganinsa ka tsaya ka kwanta. Waɗansu suna shan tramol ko wasu ƙwayoyi wai don su jure tafiya. Ƙwaya tana ɓoye gajiya, tana rage hankali, tana kuma iya sa mutum farfaɗiya yana bisa moto. Giya ma haka take. Kada ka amsa waya kana tuƙi.

Idan haɗari ya auku

Ka fara sa alama a hanya don kada wata mota ta ƙara wani haɗarin. Ka kira lamba 18 ta ma'aikatan ceto da kashe gobara, ko 17 ta ƴan sanda. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ja wanda ya ji ciwo a wuya ko a baya, kada a fizge masa hula, kada kuma a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Wanda kansa ya bugu, a kai shi likita ko da ya ce lafiyarsa lau, domin ciwon cikin kai yakan bayyana daga baya.

Abin tunawa

Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya: fili, sannan gari, sannan bayan gari, sannan doguwar hanya. Kada ka tsallake wani don abokai sun yi maka dariya. Ranar da ka ga kana iya tsayawa cak inda ka nufa, kana iya ratsa rairayi ba ka sa ƙafa ƙasa ba, kana kuma yin kilomita 100 ba ka galabaita ba, to, ka isa ka ɗaura kaya. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu, kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ka lafiya.