Kwale-kwalen shaƙatawa a kan kogi mai ƙarfi: Abin da ya kamata sabon shiga ya sani

Kayak wani siririn kwale-kwale ne da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna yankin ƙanƙara na Arewacin Amurka da Girinlan, waɗanda suke lulluɓe shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. A yau galibi da roba ake ƙera shi, ya kuma kasu gida-gida. Iri biyu ne suka fi rikita masu koyo: na shaƙatawa, da na kogin da ke gangarowa tsakanin duwatsu da ƙarfi har ruwansa ya yi farin kumfa.

Na shaƙatawa an yi shi ne domin tafki da kogi mai tafiya a hankali. Yana da faɗi, bakinsa a wangale yake don sauƙin shiga da fita, ga shi da araha. Sai dai waɗannan abubuwa da ke kwantar wa mai koyo da hankali su ne ke jefa shi cikin haɗari idan ruwa ya harzuƙa. Igiyar ruwa ɗaya ko biyu ta isa ta cika shi, kuma da yawansu ba su da rufaffun ɗakunan iska da za su hana su nutsewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da ya sha lita 200 ya fi ƙarfin mutum ɗaya a tsakiyar kogi. Mafi muni, idan ruwa ya manna shi da dutse, yana iya lanƙwashewa ya danne ƙafafun mai tuƙi. Na kogi mai ƙarfi kuwa gajere ne, mai saurin juyawa, da ginshiƙai a ciki, da mayafin da ke rufe bakinsa daga ƙugun mai tuƙi.

Ƙungiyar American Whitewater ta Amurka ta kasa koguna zuwa mataki 6. Na 1 ƙananan igiyoyi ne marasa cikas sosai. Na 6 kuwa ko gwanaye ba kasafai suke tunkararsa ba. Sabon shiga da ke cikin jirgin shaƙatawa bai kamata ya wuce mataki na 1 ba. A tuna kuma cewa matakin ba a tsaye yake ba, domin ruwan sama na dare ɗaya kan iya sauya halin kogi.

Abin mamaki, ba manyan igiyoyi kaɗai ke kisa ba. Bishiyar da ta faɗa kogi takan zama kamar rariya: ruwa ya wuce, mutum ya maƙale. Ƙananan madatsun ruwa ma, waɗanda daga sama da ƙyar ake ganinsu, suna da ruwa mai juyawa a gindinsu, wanda ke dawo da mutum baya ya sake dulmuya shi, ko da rigar kariya a jikinsa. Ga kuma sanyi: faɗawa ruwa mai tsananin sanyi na sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba, ya shaƙi ruwa.

Wanda jirginsa ya kife kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu, don ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya kifar da shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a saman ruwa suna kallon inda kogi ya nufa, kada kuma ya bari ya shiga tsakanin jirgin da dutse.

Rigar kariya daga nutsewa da hular kwano wajibi ne, haka iya iyo. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kada a fita ƙasa da mutum 3 ko jirgi 2. Mai sha'awar wasan ya fara da ƙwararren malami a ruwa mai natsuwa, ya koyi fita daga jirgin da ya kife tun kafin ya doshi duwatsu.