12 Ga Yuni Da Bahaushen Kurmi

 Yau ina so ne in ɗan taɓo wani tarihi da aka yi shi a kan titunan da muke bi kullum, amma da yawa daga cikin sa'o'ina abin da suka sani game da shi bai wuce cewa rana ce ta hutu da ba a buɗe banki ba. Ina nufin rikicin 12 ga Yuni.

Ni kaina ba a haife ni ba lokacin da aka yi shi. Abin da ya sa na bi diddiginsa shi ne, a watan Oktoban 2020, ana tsakiyar zanga-zangar EndSARS, ranar da faɗa ya ɓalle a Fagba, na ga Baba ya jawo wata tsohuwar jaka ya zuba takardun gida da ɗan kuɗin da ke hannunsa, ya ce wa Inna ta sa yara su kwanta da takalmansu a kusa. Ko hannunsa bai yi rawa ba. Na ce, "Baba, wai har abin ya kai haka?" Ya ce, "Kai dai ka kashe fitila. Tun 93 nake haɗa jakar nan." Daga wannan daren na fara yi masa tambayoyi, na kuma shiga karanta abin da aka rubuta.

Mai karatu, ga yadda abin ya faro. Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ya yi alkawarin miƙa shi ga farar hula a 1990, ya ɗaga zuwa 1992, ya sake ɗagawa zuwa 1993. Gwamnatinsa da kanta ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya, ta ce kowa ya shiga ɗaya. A ƙarshen 1992 ya soke zaɓen fid da gwani, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Malam Adamu Ciroma. A haka ne fage ya koma hannun mutum biyu, Alhaji Mashood Abiola na Abekuta a SDP tare da Babagana Kingibe, da Alhaji Bashir Tofa na Kano a NRC tare da Sylvester Ugoh.

Ranar Asabar 12 ga Yunin 1993 aka yi zaɓen. Da safe a tantance ka, ka jira, a jefa ƙuri'a, a ƙidaya ta nan take a gaban kowa. Baba ya ce a layin da ya tsaya a Agege, shi da maigidansa da sauran yaran shago duk doki suka dangwala wa, domin Abiola ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, mutum ne da aka san shi da taimakon masallatai da asusun jihohin Arewa, ga shi mataimakinsa ɗan Barno. Kuma ba su kaɗai ba ne. Alƙaluman da suka fito daga baya sun ba Abiola ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa kusan miliyan 6, har jihar Kano, gidan Tofa, Abiola ne ya ci. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na Kano, domin shi ne abin da aka fara mantawa da zarar wuta ta kama.

Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta fara fitar da sakamako, sai aka dakatar da ita da takardar kotu. Ranar 23 ga Yuni gwamnati ta soke zaɓen ɗungurungum. Ƙungiyar CD, wadda Dakta Beko Ransome-Kuti ke jagoranta, ta kira mutane su fito titi daga Litinin 5 ga Yuli. Legas ta tsaya cik. An tare manyan hanyoyi da tayoyi masu cin wuta, ba mota ba kasuwa, dubban mutane suka yi jerin gwano zuwa gidan Abiola a Ikeja, 'yan iskan gari kuma suka samu sarari suka shiga fasa shaguna, kamar yadda suke yi a kowace hargitsi. Da 'yan sanda suka kasa, sai Janar Sani Abacha, wanda ke riƙe da ma'aikatar tsaro a lokacin, ya turo soja da motocin yaƙi. A kan titin Ikorodu da kewayensa aka yi ɓarna mafi muni, inda aka buɗe wuta a kan mutanen da ba sa ɗauke da bindiga. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce an kashe sama da mutum 100 cikin waɗannan 'yan kwanaki. Aka kama Beko da Gani Fawehinmi da Femi Falana, aka kai su gidan yarin Kuje.

To ina namu mutanen suke a wannan kwana uku? Suna kulle a cikin shaguna. Baba a lokacin saurayi ne, yaron wani Alhaji mai safarar goro zuwa Kano da Sakkwato. Ya ce suna da huhu kusan arba'in da aka riga aka ɗaure ana jiran mota, motar ba ta zo ba, su kuma ba halin fita. Wanda ya san goro ya san ba a barinsa haka nan, sai ana kwancewa ana tsince mai sankara ana sake masa ganye. Haka suka zauna su shida cikin duhu suna tsintar goro da tocila, suna jin ƙarar harbi daga wajen babban titi, abincinsu garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Ya ce abin da ya fi damunsa ba harbin ba ne. A rana ta biyu ya leƙa ta kafar ƙofa ya ji samari suna wucewa suna zagin Hausawa, a cikinsu har da wani ɗan dako da suka tsaya layi ɗaya ranar zaɓe. Cikin sati uku kacal an tashi daga "soja sun ƙwace mana zaɓe" an koma "Hausawa sun ƙwace mana mulki".

A nan ne nake ganin gwamnatin soja ta ci riba biyu. Ta murƙushe zanga-zangar da bindiga, sannan ta zuba ido zaɓen da duk ƙasa ta yi ya rikiɗe ya zama ƙorafin Yarabawa, domin ta san muddin haka ne Kano da Inugu ba za su fito ba. Kuma ba su fito ba ɗin. A watan Agusta jita-jitar yaƙi ta cika gari, 'yan ƙabilar Ibo suka yi ta kwashe kayansu suna komawa gida, abin da har yau suke kira gudun Abiola, da dama suka mutu a haɗarin mota a hanya. Namu ma sun tura mata da yara Arewa, maigidan Baba ya cika mota guda da iyalinsa, shi ya zauna gadin dukiya. Masu fafutika suka sauya salo zuwa zaman gida, wanda ya fi wuyar harbewa. A ƙarshen watan Babangida ya sauka ya bar wa Cif Ernest Shonekan gwamnatin riƙon ƙwarya, wadda ko wata uku ba ta cika ba Abacha ya ture ta ranar 17 ga Nuwamba. Abin takaici, wasu daga cikin masu neman haƙƙin Abiola har maraba suka yi da juyin mulkin, suna zaton za a miƙa masa. Kingibe kansa ya karɓi ministan harkokin waje.

Shekarar 1994 ita ce ƙarfin gwagwarmayar na ƙarshe. An kafa NADECO a watan Mayu, Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Epetedo ranar 11 ga Yuni, aka kama shi ranar 23. Ma'aikatan mai na NUPENG ƙarƙashin Frank Kokori suka shiga yajin aiki a farkon Yuli, PENGASSAN ta bi su, ƙasa ta yi kusan wata biyu ba fetur. Abacha ya rushe shugabancin ƙungiyoyin, ya kama Kokori ya jefa shi gidan yarin Bama, ya rufe jaridun Concord da Punch da Guardian. Daga nan sai kisa da ɗauri suka biyo: Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas a Nuwamban 1995, sai Alhaja Kudirat, matar Abiola, da aka harbe a cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Mutane kaɗan ne suka san a Zariya aka haifi wannan baiwar Allah.

Akwai abin da nake so mu riƙa faɗa wa maƙwabtanmu, mu kuma faɗa wa kanmu. Kanar Abubakar Dangiwa Umar aikinsa na soja ya rasa saboda ya ƙi amincewa da soke zaɓen. Balarabe Musa bai taɓa janye bakinsa ba. Shehu Sani an ɗaure shi a 1995. Shehu 'Yar'aduwa, duk da cewa siyasarsa da ta Abiola ta raba hanya, shi ne ya tura taron tsarin mulki ya yanke wa soja ranar tafiya, kuma a gidan yarin Abakaliki ya rasu a Disambar 1997. Amma kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya. Da yawa daga cikin manyanmu sun yi shiru, wasu sun tafa, kuma da aka zo maganar tazarce a 1998, jam'iyyu biyar duka suka tsayar da Abacha, ba a rasa masu rawa a ɓangarenmu ba, kamar yadda ba a rasa ba a ɓangaren Yarabawa. Su ma shugabannin zanga-zangar, a nawa ganin, sun yi sakaci, domin da sun zo Zango sun zauna da sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa tun a makon farko, da watakila labarin ya sha bamban. Baba ya ce shi dai bai ga wanda ya zo ba, wai ko don ya tambaye su wa suka zaɓa.

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, Abiola ya bi shi ranar 7 ga Yuli yana tsare, a gaban wata tawagar Amurka da ta je ganinsa a Abuja. A wannan daren Legas ta sake kamawa, kuma a wannan karon fushin bai tsaya kan gwamnati ba, kai tsaye aka nufi unguwannin Hausawa. Soja na bariki, janar-janar na Abuja, wanda hannu zai iya kaiwa gare shi shi ne mai shayi da mai gyaran takalmi da mai tura baro. Lokacin Baba ya riga ya buɗe nasa ɗan shagon. An ƙone shi ƙurmus, shi kuma wata dattijuwa Bayarabiya da yake sayen goro a hannunta ce ta shigar da shi ɗakin ajiyarta ta rufe, ta zauna a bakin ƙofa tana cewa ba kowa a ciki. Kwana biyu ya yi a can. Har ta rasu, duk Sallar Layya sai ya aika mata da cinyar rago, ni ma na sha kai mata ina yaro, ban san dalili ba. Abin da ya biyo baya a Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da yawanku kun fi ni sani, kuma ni ina ganin saiwarsa tana cikin waɗancan shekaru biyar.

A watan Yunin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar GCFR, wadda shugabannin ƙasa ake ba wa. A watan Fabrairun 2025 kuma Babangida ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, inda ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Da na karanta wa Baba labarin a waya, muna zaune a shago bayan La'asar, sai ya ce in sake karanta wurin. Na sake. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai mu mun sani, a gabanmu aka ƙidaya." Sai ya tambaye ni ko an faɗi sunayen waɗanda aka harbe a titin Ikorodu, na ce labarin bai kawo su ba. Ya miƙo mini wuƙa ya ce in kwance huhun da ke bayan ƙofa, tun jiya yake jin kamar ya fara zafi.