Daga Gafaka Zuwa Kwamfuta: Ma'aikacin Laburare da Rubutattun Littattafan Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun matakai uku da aikin adana littattafanmu na Larabci da na ajami ya bi, da kuma nuna abin da bai sauya ba a cikinsa.

Mataki na farko shi ne tarawa. Tsakanin 1955 da 1958 W. E. N. Kensdale, ma'aikacin laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya wallafa fihirisar littattafan Larabci da aka tara a can. Tarawa ta kuɓutar da littattafai da yawa daga gara da yoyon ɗaki, amma ta raba su da mutanensu. Misali, littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, sun haura 3,000, suna kuma ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Almajirin Bebeji ko Kiru ba shi da hanyar kai wa gare su.

Mataki na biyu shi ne ɗaukar hoto a kan siririn fim. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, inda ake aron littafi a ɗauki hotonsa a mayar wa mai shi. A Zariya ma shirin binciken tarihin Arewa na Farfesa Abdullahi Smith ya bi irin wannan hanya. Sai dai fim ba ya karantuwa sai da na'urarsa, na'urar kuwa tana jami'a.

Mataki na uku shi ne na kwamfuta. A 2004 Laburaren Birtaniya ya soma shirin ceto taskokin da ke fuskantar halaka, a 2011 kuma Jami'ar Boston ta fara taskar ajamin Afirka a ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom. A cikinta akwai ajamin Hausa wanda Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero ya yi aikin ɗaukarsa. Yanzu littafi yana nan a gafakar mai shi, hotonsa kuwa yana isa duk inda intanet ta isa.

Abin da bai sauya ba shi ne wahalar fihirisa. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, waraka-waraka ne. Kafin a ɗauki hoto, dole ma'aikaci ya jera su ta bin kalmar da marubuci kan sa a gindin shafi don nuna farkon na gaba. Sannan ya gano mawallafi, ya bambanta shi da mai kwafa, ya rubuta sunan littafi da fanninsa da garin da aka same shi. Hoto dubu marar wannan bayani tamkar rumbu ne marar ƙofa.

Saboda haka ƙarancin na'ura ba shi ne babban cikas ba, ƙarancin masu karanta rubutun magaribi da ajami waɗanda kuma suka san ƙa'idar laburare shi ne. Wajibi ne sassan Larabci da Hausa da na ilmin laburare su haɗa kai wajen horar da su, tun malaman zaure da suka san waɗannan littattafai suna raye.