Gwarzo a Aji: Tsakanin Kirari da Koyi

Gwarazan da ake kawo wa yara a firamare da ƙaramar sakandare a Arewacin Nijeriya sanannu ne: Bayajida, Sarauniya Amina, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sardauna, Tafawa Ɓalewa. Yadda ake gabatar da su ma sananne ne. A rubuta shekarar haihuwa a allo, a jero nasarori, a rufe da shekarar rasuwa, yara su kwafa su haddace. Hujjar wannan maƙala ita ce wannan salo kirari ne aka mayar rubutu. Kirari yana da muhallinsa a fada da dandali, inda aikinsa shi ne ɗaukaka mutum har ya gagari kowa. Malami kuwa so yake ɗalibi ya yi koyi, kuma ba a koyi da wanda aka riga aka ce ya gagara.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Albert Bandura, a nazarinsa kan yadda mutum ke koyo ta hanyar kallon wasu, ya nuna cewa mun fi kwaikwayon wanda muke ganin yana kama da mu. A 2016 Xiaodong Lin-Siegler da abokan aikinta na Jami'ar Columbia sun buga wani bincike da suka yi da ɗaliban sakandare a birnin New York. Wasu an ba su labarin nasarorin Einstein da Marie Curie da Michael Faraday zalla, wasu kuma labarin wahalar da masanan suka sha da gwaje-gwajen da suka ƙi yiwuwa. Waɗanda suka karanta labarin wahalar ne makinsu na kimiyya ya ƙaru, musamman masu rauni a cikinsu.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga haka. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta yi aiki da wannan fahimta tun ƙarni na 19. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru domin ilimi ya kai ga matan karkara. Takan naɗa jaji, wato dattijuwa amintacciya, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jajin ta tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba, su yi tattaki zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin da ta tsara kan tsarki da salla da kyakkyawan zama, su koma su koyar da matan auren da ba su iya barin gida. Abin lura shi ne irin mutanen da ta riƙa nuna musu a matsayin abin koyi. Ta tsara waƙa kan salihan mata na tarihin Musulunci, ta haɗa har da matan zamaninta. Ta yi wa wata maƙwabciyarta marsiyya, abin da ta yaba a ciki kirki ne da riƙon zumunci. Ko da ta zo kan ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, halinsa da iliminsa ta fi bai wa ƙarfi. Matar da ta dawo daga rijiya da tulu a ka ba za ta ci gari da yaƙi ba, amma za ta iya duba maƙwabciya mara lafiya.

Malamin da ya ce wa aji Asma'u babbar malama ce, ya tsaya nan, ya yi asarar darasi. Zai fi amfani ya jefa musu matsalar da ta fuskanta: ga mata a ƙauyuka masu nisa, yawancinsu ba su karatu, ba su fita, ta yaya ilimi zai kai gare su? Ya bar yara su yi ta kawo shawara na minti goma, sannan ya faɗa musu abin da ta yi. A nan yarinyar da ke zaune a bencin baya za ta gane cewa dabara ce aka yi, kuma ita ma tana da kan da zai iya yin dabara.

Sarauniya Amina darasinta daban ne. Abin da aka rubuta a kanta kaɗan ne, kuma bai daidaita ba. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a farkon ƙarni na 15, wasu masana kuma suna sa ta a ƙarni na 16. Littattafan makaranta sukan ɗauki ɗaya su ɓoye ɗayan, wai kada a rikita yara. Ni a ganina saɓanin shi ne abin koyarwa. Ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya isa a tambaye shi: wa ya rubuta wannan, yaushe, daga bakin wa ya ji?

Akwai kuma tambayar da malamai suka fi gudu, wato gwarzon wa? Jihadin da ya fara a 1804 ya kafa daula, ya kuma kori sarakuna. Gidan sarautar Katsina na da ya koma Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Kabawan Argungu kuma suka shafe shekaru suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu. Jikokin waɗannan duka Hausawa ne, kuma suna zaune a azuzuwanmu, a Nijeriya da Nijar. Malamin da ya yi kamar labari ɗaya ne kawai yana koya wa wani yaro cewa abin da kakarsa ta faɗa masa ƙarya ne. Shi kansa Muhammadu Bello bai yi haka ba. A cikin Infaƙul Maisuri ya kawo wasiƙun da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya rubuta yana ƙalubalantar hujjar jihadin, sannan ya ba da amsa. In jagoran jihadi bai ji tsoron ajiye maganar abokin jayayyarsa ba, mai koyar da tarihi ba shi da dalilin jin tsoro.

Za a ce wannan zai rage wa magabata kwarjini a idon yara, a lokacin da tarbiyya ke neman taɓarɓarewa. Ƙorafin yana da tushe, domin akwai malamin da zai mayar da bincike hanyar zagin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Amma bayyana wahalar da mutum ya sha daban, tona masa asiri daban. Wanda ya san cewa Malam Aminu Kano malamin makaranta ne a Bauci da Maru, ya ajiye aikin albashi a 1950 ya shiga siyasar NEPU wadda ba ta da tabbas, zai fi girmama shi a kan wanda ya san sunansa a filin jirgin sama kawai. Haka Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin tana ginin tukunya. Yara da yawa sun riƙe takardar ba su san cewa matar ta koyi sana'ar tun tana yarinya a ƙauye ba, kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954.

Babban cikas yana wajen jarrabawa. Malami mai ɗalibai cike da aji da manhajar da dole ya ƙare kafin ƙarshen zango zai koyar da abin da za a tambaya ne. Muddin takardar jarrabawa shekarar haihuwar Asma'u take nema, da zaɓi huɗu a ƙasa, shekarar za a haddace. Masu tsara tambayoyi za su iya sa ko da guda ɗaya da ke neman ɗalibi ya bayyana dalilin da ya sa ta zaɓi tsofaffi da 'yan mata su zama masu kai saƙo, a kuma ware mata maki mai tsoka.