Ƙungiyoyin Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa da Lokutan Gudanar da Wasanninsu: Waiwaye a Kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe da raba wasan kwaikwayo gida biyu, wato na gargajiya da na zamani. A irin wannan rabo akan fi mayar da hankali ga jigo da zubi da tsari da kuma 'yan wasa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne lokaci: a wane wata ake yin wasa, su wane ne ke taruwa su yi shi, kuma me ya sa jama'a ke yarda a faɗi magana a wannan lokaci wadda ba za su lamunta ba a sauran ranakun shekara. Wannan maƙala za ta bi diddigin ƙungiyoyin da ke gudanar da wasan kwaikwayo a cikin al'umma, tun daga taron samari da 'yan mata na ƙauye da unguwa, zuwa ƙungiyoyin makarantu da na birane, har zuwa shekarar 1990 lokacin da finafinan bidiyo suka fara janye su daga dandali. Manufa ita ce a nuna cewa duk wani sauyi da aka samu a tsarin ƙungiyoyin nan ya zo ne tare da sauyin lokutan da suke bi, kuma wannan sauyi ya taɓa dangantakarsu da masu kallo.

2.0 Wasannin Gargajiya da Lokutansu

Bahaushe yana lissafin shekara ta hanya biyu. Akwai shekarar noma, wadda ta ƙunshi bazara da damina da kaka da rani, akwai kuma watannin Musulunci waɗanda ke zagayawa ba tare da la'akari da ruwan sama ba. Wasannin gargajiya masu siffar kwaikwayo sun rataya ne a kan ɗaya daga cikin waɗannan lissafi biyu.

2.1 Kalankuwa

Da damina babu mai sukunin wasa, domin kowa yana gona. Idan kaka ta yi, aka girbe amfani aka kai rumbu, sai samarin gari su shirya kalankuwa a ƙarƙashin jagorancin sarkin samari, su gayyato takwarorinsu na ƙauyukan da ke kewaye tare da makaɗa. A nan ne akan kafa gwamnati ta wasa, a naɗa sarki da alƙali da dogarai. Bayan zuwan Turawa sai aka ƙara da gwamna da razdan da di'o da likita da 'yan sanda. Akan kama wanda ya saɓa dokar dandali, a gurfanar da shi, a ci shi tara, jama'a na dariya. Wannan ya nuna cewa tun kafin a rubuta wasa ko ɗaya, matasan karkara sun iya ɗaukar sabon tsarin mulki su mayar da shi abin kwaikwayo.

2.2 Tashe

Tashe yana farawa ne daga goma ga watan Azumi, bayan an sha ruwa. Yara maza da mata, wani lokaci har da manya, sukan rarrabu ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje da kasuwanni, ana ba su hatsi ko kuɗi. Kowane wasa yana da shigarsa da waƙarsa da saƙonsa. Jatau Mai Magani yana kwaikwayon mai tallar magungunan gargajiya, Tsoho da Gemu yana nuna halin tsufa da buƙatar taimako, Ka Yi Rawa kuwa yana zolayar malamin da ke musun abin da kowa ya gan shi yana yi. 'Yan mata suna da irin su Ga Mairama Ga Daudu, inda ake koyar da zaman aure. A birnin Kano akwai sarautar Nalako, wanda ke jagorantar tashen gwauro, ana bin magidantan da ba su da aure ana yi musu tsiya.

2.3 Wasan Gauta da Sauransu

A cikin fada ma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da yadda suke yanke hukunci. Haka kuma a daren cika-ciki na watan Muharram akwai wasannin da ke gudana tsakanin abokan wasa, kamar taubasai.

Idan aka dubi waɗannan wasanni za a ga abubuwa uku da suka haɗa su. Na farko, ƙungiyar ba ta dindindin ba ce. Lokaci ne ke tara ta, idan ya wuce ta watse sai baɗi. Na biyu, babu katanga tsakanin mai wasa da mai kallo, domin ɗan unguwa ne ke kwaikwayo a gaban iyayensa da maƙwabtansa. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, lokacin ne ke ba da izinin suka. Yaron da ya kwaikwayi malami a watan Azumi sadaka zai samu, amma da zai yi haka a wani watan, tsawatarwa zai sha.

3.0 Zuwan Makarantun Boko

Makarantar boko ta zo da nata lissafin lokaci, wato zangon karatu da hutu da ranar raba kyaututtuka. A cikin shekarun 1930 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya wallafa Six Hausa Plays domin ɗalibai su riƙa nunawa a makarantunsu. Daga nan aka samu sabon abu: rubutaccen wasa wanda ake haddacewa, da malamin da ke horarwa, da kuma dandali mai labule wanda ya raba 'yan wasa da 'yan kallo.

Ba a daɗe ba 'yan ƙasa suka karɓi wannan fasaha. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, cikinsu har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, inda ya soki zalunci da ha'inci. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ke faɗakarwa a kan tsabta da kiwon lafiya. Waɗannan misalai biyu sun nuna hanyoyi biyu da wasan makaranta ya bi: hanyar wayar da kai wadda hukuma ke so, da hanyar suka wadda take ɗari-ɗari da ita. Bambancin da ke tsakanin sukar ɗalibi da ta ɗan tashe shi ne, ɗalibi ba shi da inuwar al'ada da zai fake a cikinta. Abin da ya rubuta yana nan a takarda, kuma da sunansa.

4.0 Ƙungiyoyin Birane da Kafofin Watsa Labarai

Ɗaliban da suka saba da wasa a makaranta ba su bar shi ba bayan sun kama aiki. Malaman makaranta da akawuna da ƙananan ma'aikata suka riƙa kafa ƙungiyoyin sa-kai a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato da Jos. A Kano, alal misali, an san ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Alhaji Yusuf Maitama Sule, daga baya kuma aka samu Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa. Waɗannan ƙungiyoyi sun bambanta da na gargajiya ta fuskar tsari, domin suna da shugaba da sakatare da ma'aji da kuɗin ƙa'ida, kuma suna yin gwaji da yamma bayan tashi daga aiki. Duk da haka ba su rabu da lokutan al'umma ba. Ƙaramar Salla da Babbar Salla su ne kakarsu, saboda a lokacin ne jama'a ke da hutu da ɗan abin kashewa. Ga kuma bukukuwan ƙasa, kamar ranar 1 ga Oktoba, da gasannin al'adu da gwamnatocin jihohi ke shiryawa.

Babban sauyi ya zo ne ta hanyar rediyo da talabijin. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu, sun fara ne a rediyo kafin a buga su. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, sannan ƙirƙiro jihohi a 1967 da 1976 ya jawo ƙaruwar tashoshi. Kowace tasha tana buƙatar shirin Hausa, kuma babu inda za ta samo 'yan wasa sai a cikin waɗannan ƙungiyoyi. Ta haka ne sunaye irin su Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, da kuma Karkuzu na Jos suka shiga kowane gida.

Amfanin wannan a fili yake: ƙungiyar da da take wasa a gaban mutanen unguwa ɗaya ta samu masu kallo a jihohi da dama. Sai dai akwai abin da aka bayar a madadinsa. Tasha ba ta jiran kaka ko Azumi. Mako-mako take son sabon shiri. Haka kuma tashoshin na gwamnati ne, don haka iyakar sukar da za a yi tana hannun mai tace shiri, ba a hannun al'ada ba.

5.0 Jami'a Ta Koma Ƙauye

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a ƙarƙashin Michael Etherton, tare da malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa, daga baya kuma Oga Steve Abah. Wannan sashe ya yi ƙoƙarin mayar da wasa hannun jama'a. A 1977 aka kai Wasan Manoma garin Soba, wanda ya dubi shirin ciyar da ƙasa na 1976 ta fuskar ƙaramin manomi. A 1979 aka yi na Maska, sannan aka ci gaba a Bomo da Samaru. Tsarin shi ne ɗalibai su shiga cikin mutane, su saurari matsalolinsu na taki da filaye da ruwan sha, su gina wasa a kansu, su nuna shi a fili, sannan a tattauna. Wannan yunƙuri ya dawo da kusancin da ke tsakanin mai wasa da mai kallo. Rauninsa shi ne yana tafiya da zangon karatun jami'a. Idan ɗalibai suka koma aji, ba kasafai ake barin ƙungiyar da za ta ci gaba da kanta ba.

6.0 Zamanin Bidiyo

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda Ibrahim Mandawari yake cikin jigoginta, ta fitar da Turmin Danya, wanda akan lissafa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Sauran ƙungiyoyi suka bi sahu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 harkar ta zama masana'anta. A 2001 gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Tun daga wannan zamani ƙungiya ta rikiɗe ta zama kamfani, ɗan ƙungiya ya zama jarumin da ake biya, mai kallo kuma ya zama mai saye. Abin lura shi ne, ko a nan ma lokaci bai saki ragama gaba ɗaya ba, domin a zamanin kaset da faifai masu shirya finafinai sun riƙa ajiye manyan ayyukansu sai lokacin Salla.

Su kuwa wasannin gargajiya, kowanne da irin ƙalubalen da ya fuskanta. Kalankuwa ta ja baya a wurare da yawa saboda sukar malamai game da cuɗanyar maza da mata, da kuma ƙaurar samari zuwa birane da rani. Tashe ya fi jurewa, amma a cikin shekarun 2020 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa sun bi lissafin lokaci iri huɗu: na noma da watannin Musulunci, na makaranta, na gidajen watsa labarai, sannan na kasuwa. A kowane mataki an samu ƙarin masu kallo da ƙwarewa, amma ikon jama'ar unguwa a kan abin da ake nuna musu ya riƙa raguwa. Wannan yana da muhimmanci ga hukumomin raya al'adu da sassan koyar da harsunan Nijeriya. Tattara waƙoƙin tashe a littafi, kamar yadda M. B. Umar ya yi a Wasannin Tashe, aiki ne mai daraja, amma bai wadatar ba idan babu yaran da za su fita a daren goma ga Azumi cikin aminci. Haka kuma yawancin tarihin ƙungiyoyin birane yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa da kaset-kaset ɗin tashoshin jihohi. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su tattara wannan tarihi gari-gari, da sunayen ƙungiyoyi da wasanninsu da lokutan da suka nuna su, tun waɗanda suka yi aikin suna raye.