Sarkin da Aka Binne Sau Uku, Mutanensa Suka Ce Bai Mutu Ba

Ranar Litinin, 4 ga Agusta 1578, wato shekarar 986 ta Hijira, sarakuna uku suka mutu a fili ɗaya a arewacin Maroko, kusa da garin Alƙasarul Kabir, a bakin rafin Wadil Makhazin. Biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne, baffa da ɗan wansa, kuma ba wanda ya taɓa musun mutuwarsu. Na ukun shi ne Sebastiyan, sarkin Fotugal, saurayi ɗan shekara 24. An tsinci gawarsa, an shaida ta, an binne ta a wurare uku daban-daban. Duk da haka mutanensa suka shafe fiye da shekara ɗari biyu suna sauraron dawowarsa, mutum huɗu kuma suka fito a lokuta daban kowa na cewa shi ne. Shin sarkin ya mutu a wannan rana? In ya mutu, me ya hana ƙasa guda ta yarda?

Yaron da aka yi roƙo kafin a same shi

A tsakiyar ƙarni na 16 Fotugal ba ta kai mutum miliyan biyu ba, amma tutarta na kaɗawa daga Brazil zuwa Elmina a gaɓar Ghana ta yau, zuwa Goa a Indiya da Malaka. Matsalarta tana cikin fada. 'Ya'yan Sarki Joao na Uku sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ɗa namiji guda da ya rage masa ya rasu a farkon Janairun 1554, ya bar matarsa da tsohon ciki. Kowa ya san in cikin nan bai zo da magaji ba, sarauta za ta iya faɗawa hannun Sifaniya. Kwana 18 bayan rasuwar uban aka haifi Sebastiyan, jama'a suka yi masa laƙabi da wanda aka yi begen zuwansa. Ya gaji kakansa yana ɗan shekara uku, ya karɓi ragamar mulki da kansa yana da shekara 14.

Ya tashi a hannun malaman coci, ba uwa ba uba, don mahaifiyarsa ta koma Sifaniya tun yana jariri. Aure bai dame shi ba. Abin da ke ransa shi ne yaƙi a Maroko, inda kakansa ya bar garuruwa irin su Agadir da Safi da Azammur suka kuɓuce tun wajen 1541.

Sai dama ta zo masa har gida. A 1576 Abdulmalik, na gidan sarautar Sa'adiyawa, ya zo da taimakon Turkawan Usmaniyya daga Aljeriya ya kori ɗan wansa Muhammadu Mutawakkil daga karaga. Mutawakkil ya nemi taimakon Turawa. Sarki Filib na Biyu na Sifaniya, wanda yake kawun Sebastiyan, ya gana da saurayin sarkin a ƙarshen wannan shekara ya ja masa kunne kan zuwa yaƙin, amma yaron bai ji ba. A ƙarshen Yunin 1578 ya bar Lisbon da mayaƙa tsakanin 17,000 da 20,000, cikinsu har da sojojin haya daga Jamus da Italiya da Sifaniya, da kusan duk 'ya'yan manyan gidajen ƙasarsa. Bai bar magaji ba.

Abin da ya faru a fagen fama

Rundunar ta sauka a Asila. Maimakon ta bi teku zuwa tashar Ara'ish da take hari, sai sarki ya zaɓi a bi ta tudu, cikin zafin ƙarshen Yuli, da sulke da kekunan kaya da igwa. Bayan kwanaki na tafiya, guzuri ya yi ƙasa, suka iske Abdulmalik yana jiransu da rundunar da ta ninka tasu fiye da sau biyu, cikinta akwai mahaya masu bindiga. Mutanen Maroko suka buɗe kamar jinjirin wata suka zagaye su. Cikin 'yan sa'o'i aka gama.

Abdulmalik ya zo yaƙin ne da ciwo mai tsanani, ya cika ana tsakar fafatawa. Fadawansa suka ɓoye mutuwar, suka ci gaba da ba da umarni da sunansa daga bayan labule har nasara ta tabbata. Mutawakkil ya nutse a rafi yana ƙoƙarin gudu. Da aka tsamo gawarsa aka feɗe fatar aka cusa mata ciyawa aka zaga da ita garuruwa, shi ya sa littattafan tarihin Maroko ke kiransa Almasluhu, wato feɗaɗɗe. Ƙanen Abdulmalik, Ahmadu, aka naɗa a filin, ya ɗauki laƙabin Almansur.

Sebastiyan kuwa, ganin ƙarshe da mutanensa suka yi masa, ya kutsa cikin abokan gaba a kan doki. Dubban mayaƙansa sun mutu, dubbai sun shiga hannu, kaɗan ne suka kai bakin teku.

Gawar

Bayan yaƙin, sabon sarki ya sa a nemo gawar. Wani yaron sarkin Fotugal mai suna Sebastiao de Resende, wanda ke cikin kamammu, ya kai su inda take. An same ta tsirara, masu ɗibar ganima sun kwashe sulke da tufafi, ga saran takobi a kai, zafin rana kuma ya fara canza ta. Aka kawo ta sansanin Almansur, aka kira manyan Fotugal da ke tsare, suka duba suka ce shi ne. Aka binne shi a Alƙasarul Kabir. A watan Disamba na wannan shekara Almansur ya miƙa gawar ga Turawan Fotugal a Sabta ba tare da karɓar fansa ba, aka sake binne ta a can. A 1582 aka kai ƙasusuwan Lisbon, aka ajiye su a babban cocin Jeronimos da ke unguwar Belem, inda kabarin yake har yau.

A ce wani sarki ne, da magana ta ƙare nan. Abubuwa huɗu suka haɗu suka hana ta ƙarewa.

Na farko ya faru ne tun daren yaƙin. Wasu tsiraru da suka tsere suka iso ƙofar Asila cikin duhu, masu gadi suka ƙi buɗewa. Don su tsira da rayukansu sai suka ce ai sarki na cikinsu. Aka buɗe, ɗaya daga cikinsu ya shiga a lulluɓe, aka wuce da shi jirgin ruwa. Kafin gaskiya ta fito labari ya riga ya bazu cikin matuƙa, kuma jiragen nan ne suka koma Lisbon. Jeronimo de Mendonca, wanda ya yi yaƙin aka kuma kama shi, ya ba da wannan labari a littafin da ya wallafa a 1607. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta yi, har da jikoki.

Na biyu, ba a samu wani babba da ya tsaya gaban jama'a ya ce da idonsa ya ga faɗuwar sarki ba. A al'adar manyan gidajen Turai na wancan zamani, babban abin kunya ne bafade ya ga an kashe ubangidansa shi kuma ya dawo gida da ransa. Duk wanda ya ce ya gani, tambayar da za ta biyo baya ita ce, to kai me kake yi? Shirun da kunya ta haifar sai talakawa suka fassara shi da cewa akwai abin da ake ɓoyewa.

Na uku shi ne yanayin gawar da yanayin shaidun. Fuska ta lalace, babu zobe, babu sulke. Masu shakka suka ce ai kamammu na da dalilin yin ƙarya: in suka ce ga gawar sarki, za a daina nemansa, ya samu ya sulale. Wannan hujja tana da daɗin ji, sai dai ba ta da ƙafa. Sarki a raye ya fi komai daraja a wurin Almansur, don fansarsa kaɗai za ta zarce ta dukan fadawansa. Mutumin da ya tatsi Fotugal kuɗin fansar kamammu har ya samu abin gina fadar Badi'a a Marakish ba zai yi sakaci da irin wannan ganima ba. Kuma waɗannan shaidu sun koma gida bayan an fanshe su, sun rayu shekaru, ba a ji sun fito da wani sarki ɓoyayye ba.

Na huɗu ya fi sauran nauyi. Wanda ya gaji Sebastiyan shi ne ƙanen kakansa, Kadinal Henrike, tsoho kuma malamin cocin da ba ya aure. Ya rasu a Janairun 1580. Filib na Sifaniya, wanda mahaifiyarsa 'yar sarkin Fotugal ce, ya turo runduna, ta ci yaƙi a bakin Lisbon a watan Agusta, a 1581 kuma majalisar ƙasar ta yi masa mubaya'a a garin Tomar. Abin da aka ji tsoro tun kafin haihuwar Sebastiyan ya tabbata. Filib ɗin nan ne ya sa aka kawo ƙasusuwan Lisbon a 1582. Ke nan hujjar mutuwar sarki ta zo ta hannun mutumin da ya fi kowa cin moriyar mutuwar. Ga ɗan Fotugal na lokacin, yarda da kabarin daidai yake da yarda da sarautar baƙo. Ko rubutun da aka sa a kan kabarin daga baya ya zo da sharaɗi, yana nuna cewa ji aka yi an ce wanda ke ciki Sebastiyan ne.

Ƙari a kan haka, akwai gurbin da ke jiran wanda zai cike shi. Tun kafin a haifi Sebastiyan, wani baduku a garin Trancoso mai suna Bandarra ya tsara waƙoƙi da ke hasashen zuwan wani ɓoyayyen sarki mai ceto, har kotun coci ta tuhume shi a 1541. Waƙoƙin sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu. Bayan 1578 ɓoyayyen ya samu suna, aka ce zai dawo wata safiya mai hazo.

'Yan sojan gona huɗu

Na farko ya bayyana a 1584 kusa da Penamacor, saurayi mai zaman kaɗaici na ibada. Hukuma ta zaga da shi titunan Lisbon don kowa ya ga bai yi kama da sarki ba, sannan aka tura shi tuƙin jirgin yaƙi a ɗaure. Na biyu, Mateus Alvares, ɗan magini daga tsibiran Azores, ya tara ɗaruruwan manoma da makamai a yankin Ericeira a 1585. An yi jini kafin a kama shi a kashe.

Na uku ya fi ban mamaki. Gabriel de Espinosa mai gasa burodin nama ne a garin Madrigal na Sifaniya. Wani malamin coci ɗan Fotugal, Miguel dos Santos, wanda ya san fadar Lisbon ciki da waje, ya gabatar da shi ga Ana, 'yar ƙanen Sarki Filib da ke zaman zuhudu a garin, a matsayin Sebastiyan. Ta yarda, ta ba shi kayan adonta. Da su aka kama shi a Valladolid a 1594, aka rataye shi a 1595, malamin cocin ma ya bi shi.

Na huɗu ya fito a Venis a 1598. Sunansa Marco Tulio Catizone, ɗan kudancin Italiya. Sebastiyan fari ne mai jan gashi, wannan kuwa baƙin gashi gare shi, kuma bai iya yaren Fotugal sosai ba. Amma 'yan Fotugal masu gudun hijira, mutane masu ilimi irin su Joao de Castro, suka rungume shi, suka ce wahala da rana ne suka sauya shi. Ya faɗa hannun Sifaniyawa, aka rataye shi a Sanlucar a 1603.

Idan aka jera su huɗun, abu ɗaya ke fitowa fili: ba kamanni ne ya jawo musu mabiya ba. Kuma cikin shekara 25 da aka yi ana wannan dambarwa, ba a samu ko mutum ɗaya da ya zo da abin da sarki na gaske zai zo da shi cikin sauƙi ba, wato harshensa, fuskarsa, da sanin mutanen da ya tashi a cikinsu.

Abin da ya biyo baya

Fotugal ta ƙwace kanta daga Sifaniya a ranar 1 ga Disamba 1640. Da Sebastiyan na raye a lokacin, da ya kai shekara 86. Magoya bayan sabon sarki, Joao na Huɗu, suka ce ai shi ne ɓoyayyen da Bandarra ya faɗa. Wasu ba su yarda ba, suka ci gaba da jira. Lokacin da sojojin Faransa suka mamaye ƙasar a 1807 zancen ya sake tashi. Ya ma ƙetara teku: a Pedra Bonita da ke arewa maso gabashin Brazil, a 1838, wata ƙungiya ta yanka mutane da dama don jininsu ya karya sihirin da suka ce ya tsare sarkin.

A ɓangaren Afirka kuwa, yaƙin ya bar tabon da ba jita-jita ba ne. Almansur ya fito da dukiya da kwarjini da sojoji masu bindiga, har Mai Idris Aloma na Barno ya aika masa da manzanni. A ƙarshen 1590 ya tura Judar Pasha da mayaƙa kimanin 4,000 suka ratsa hamada, a watan Maris na 1591 suka karya rundunar Askiya Ishaƙa na Biyu, sarkin Songhai, a Tondibi. Daular Songhai ba ta sake tashi ba, kuma a 1594 aka kwashi malaman Tumbuktu, har da Ahmadu Baba, zuwa Marakish.

Duk hujjar da ake da ita tana nuni wuri ɗaya: Sebastiyan ya mutu a Wadil Makhazin ranar 4 ga Agusta 1578. Yaronsa ya nuna gawar, fadawansa sun shaida, abokin gabarsa da ke da kowane dalili na son ya kama shi da rai ya gamsu, marubutan Maroko ba su taɓa kokwanto ba. Abin da ya raya shi a Fotugal shi ne cewa tsawon shekara 60 faɗin "sarki na nan da rai" ita ce hanyar da talaka ke da ita ta cewa wanda ke kan karaga ba nasa ba ne. Hukumar Sifaniya ta fahimci haka sarai, shi ya sa ba ta ɗauki mai gasa burodi a matsayin mahaukaci ba, ta yi masa hukuncin mai cin amanar ƙasa.