Murfin tankin ƙaramin jirgi ma yana da tarihinsa

Jama'a, duk lokacin da aka ce ƙaramin jirgi ya faɗi, abin da na fi gani a nan shi ne "ai injin ne ya mutu", sai a yi addu'a a wuce. Ba a cika tambayar me ya kashe injin ba. A tarihin ƙananan jirage na Amurka, sau da yawa amsar tana kan fiffike, a wani ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wato murfin tankin mai da bakin da yake rufewa.

Yawancin ƙananan jirage a cikin fiffike suke ɗaukar mai, bakin tankin yana kallon sama. Shekaru da yawa kamfanin Cessna yana sa wa jiragensa murfi shafaffe, wanda yake lafewa daidai da bayan fiffike don kada ya tare iska. A ido ya yi kyau. Matsalar ita ce zoben roba ne kawai tsakanin man da ruwan sama. Rana ta gasa robar, ta tsufa ta tsage, jirgi ya kwana a fili ana ruwa, ruwan ya taru a kwarmin murfin yana tsiyaya ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, inda injin yake zuƙa.

Matuƙa suna da al'adar tatsar ɗan mai daga ƙasan tanki kafin tashi, su ɗaga shi a kwalba su duba. To amma wasu samfuran, irin su 180 da 182 da 185, tankinsu na roba ne kamar salka, kuma idan ya kwana biyu sai ya yi tamoji. Ruwa ya maƙale a bayan tamojin, a tatsa a ga mai tas, sai jirgi ya ɗaga hanci ruwan ya gangaro. A 1984 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarnin dole kan waɗannan jirage: a duba tamojin, a riƙa gwada murfin ko yana yoyo, wasu ma sai an jijjiga fikafikansu kafin a tatsa. Mafitar da masu jirage da yawa suka bi ita ce su cire shafaffen murfin su sa mai lema, wanda ya ɗan taso ya rufe bakin ta sama, ruwa ya zuba gefe. Ko robar ta gaji, siffar murfin tana karewa.

A nan nake so masu cewa "ai murfi murfi ne" su tsaya. A mota ko babur mun saba, murfi ya ɓace a cusa leda ko tsumma a ci gaba da tafiya. A jirgi, iskar da ke bi ta saman fiffike tana ja sama, ita ce ma take ɗaga jirgin, kuma idan murfi bai zauna ba haka za ta riƙa zuƙe man tana watsarwa. Wasu murafen kuma suna da 'yar ƙofar shaƙar iska, domin tankin da bai samu iska ba ya daina ba da mai. Shi ya sa ba a sauya murfin jirgi mai rajista da abin da maƙeri ya ga dama, sai wanda hukuma ta amince da shi, a kuma rubuta a littafin jirgin.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na bakin tankin kansa. Bob Hoover, wanda ya rasu a 2016, yana cikin gwanayen matuƙan da Amurka ta taɓa yi. Ya gudu daga hannun Jamusawa a yaƙin duniya na biyu da jirginsu da ya sace, kuma shi ne ya bi bayan Chuck Yeager a 1947 ranar da aka fara wuce gudun sauti. Wannan gwanin, bayan wani wasan jirage a San Diyego, ya tashi da jirginsa Shrike Commander mai inji biyu, duka biyun suka mutu jim kaɗan da barin ƙasa. Ya yi saukar dole da jirgin a tudu, ya fita da rai. Da aka duba, ashe yaron da ke zuba mai kananzir ɗin jet ya ɗura masa a maimakon fetur.

Mai iri biyu ne a filin jirgi. Akwai Avgas, fetur mai launin shuɗi na injin fistin, akwai kuma Jet A, wanda kananzir ne. Mugun abin shi ne injin fistin ba ya ƙin tashi nan take, domin akwai sauran fetur a bututu. Sai an hau sama cakuɗin ya iso, injin ya yi zafi ya lalace a inda babu wurin tsayawa. Kamar yadda ake ba da labarin, Hoover bai ci mutuncin yaron ba, cewa ma ya yi shi zai zuba masa mai washegari. Abin da ya sa a gaba shi ne a sauya ƙarfen: a faɗaɗa bakin tiyon jet ya zama kamar bakin agwagwa, a kuma sa zobe a ƙuntata bakin tankin jiragen fetur yadda tiyon ba zai shiga ba. Har yau ana kiran tiyon da zoben da sunansa, kuma a 1987 FAA ta wajabta zoben a kan wasu jiragen Cessna masu inji biyu.

A ganina wannan ya fi allon gargaɗi ɗari, domin mai zuba mai yana iya gajiya ko ya ruɗe da jirage biyu masu kama da juna. Sai dai ɗan Adam akwai dabara. A watan Oktoban 2019, a garin Kokomo na jihar Indiyana, wani ma'aikaci ya ga tiyon jet ya ƙi shiga bakin tankin jirgi Piper Aerostar, sai ya karkata shi har man ya shiga, galan 163. Jirgin ya faɗi bayan tashi, matuƙin ya rasu.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta daɗe tana horarwa da jirage masu shan Avgas, daga baya ta kawo samfurin Diamond masu injin fistin amma masu shan man jet. Ke nan girman jirgi ko farfelar da ke hancinsa ba sa gaya wa mai riƙe da tiyo man da zai zuba. Abin da ya rage masa shi ne rubutun da ke gefen murfin, da faɗin bakin tankin, da matuƙin da ya tsaya a wurin har aka gama.